Rawar Matattu ko gawar titin Transnonain: wanne ya fi faɗin gaskiyar mutuwa?

Mai Tawada:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Ga hotuna biyu na ɗora, kwana uku ke nan ina jujjuya su na kasa ajiyewa. Duka bugun birnin Faris ne, amma shekara 349 ce tsakaninsu.

Na farko shafi ne daga littafin da wani mai maɗaba'a, Guyot Marchant, ya fitar a 1485, Danse macabre, wato Rawar Matattu. An jera mutum 30, tun daga Fafaroma da sarkin sarakuna, zuwa ɗan kasuwa, mai ba da bashi da ruwa, likita, har manomi da jariri a shimfiɗarsa. Kowanne da mataccen da ya riƙo shi yana jansa cikin rawa. Wani mataccen na saɓe da shebur, wani da akwatin gawa.

Na biyu na mai zane Honoré Daumier ne, 1834. Ba ƙashi, ba lauje, ba wata alama. Ɗakin kwana ne, kujera a kife, magidanci yashe a ƙasa jikin gado da rigar barcinsa. Sai ka ƙura ido za ka ga ƙaramin yaro a ƙarƙashinsa, ya faɗa a kansa ya danne shi. Sojojin Sarkin Faransa Louis-Philippe ne suka kutsa gida mai lamba 12 a titin Transnonain ranar 14 ga Afrilu, bayan an ce an harbo su ta wata taga, suka kashe mutum 12 a ciki.

Ni dai a ganina kwarangwal ya fi sanyaya wa mai kallo zuciya bisa tsorata shi. Cewa yake kowa ma zai tafi, ba laifin kowa ba ne. Da Daumier ya cire shi, sai tambaya ɗaya ta rage a ɗakin: wa ya aikata? Shi ya sa na fifita na biyun. Masana, bismillah.

Baban Walida:
Wa alaikumus salam. Malam Mai Tawada, kafin a kai ga wanne ya fi, na biyun nan bai kamata ya hau zaure ba sanarwa ba. Da asuba na buɗe waya na ci karo da gawar yaro. Mamaci yana da haƙƙin sutura, ko wane addini yake bi. Ga kuma maganar zana mai rai, wadda malamai suka yi bayani, ba sai na maimaita ba.

Shugaban Zaure:
Baba, an ji koke, kuma da gaskiyarka. Na rufe hoton, sai wanda ya danna zai gani. Hukuncin zane kuwa mu bar wa malamai, zauren nan na tarihi ne da fasaha. A ci gaba.

Mai Tawada:
Allah ya huci zuciyarka Baba, kuskurena ne, a gafarce ni.

Ɗan Maraɗi:
Ɗan'uwa Mai Tawada, ban yarda da kai ba a kan na farkon, kuma hujjata tana cikin rubutun da ke ƙasan hoton. Mu da muka yi lakwal da Faransanci mun san bambancin la mort da le mort. Na farko mutuwa ce, na biyu matacce. A littafin Marchant wanda yake magana da Fafaroma le mort ne. Ba wata Mutuwa guda ba ce take zagayawa tana ɗauka, kowa da nasa mataccen, kamar a ce gawarka ce ta gobe ta zo ta kama hannunka yau. Da ya sake buga littafin a 1486 ma madubi ya kira shi. Ka duba su da kyau, ba fararen ƙasusuwa ba ne masu tsabta, da sauran fata a jikinsu, cikin wasu a farke. Ina sanyaya zuciya a nan?

Kuma ba Marchant ne ya ƙirƙiro ba. Kwafo shi ya yi daga bangon maƙabartar Innocents, inda aka zana shi tsakanin 1424 da 1425, lokacin Faris tana hannun Turawan Ingila, ana tsakiyar Yaƙin Shekara Ɗari tsakanin Ingila da Faransa, annoba kuma tun ta 1348 ba ta daina komowa ba. Maƙabartar tana maƙwabtaka da babbar kasuwar birnin. Talakawa rami ɗaya ake zuba su, in ƙasa ta cinye nama a tono ƙasusuwan a jibge su a saman rumfunan da suka kewaye wurin. A ƙarƙashin rumfunan nan zanen yake, kuma nan masu ƙananan sana'o'i da masu rubuta wa mutane wasiƙa suke zama. Mai kallo ya ɗaga kai ya ga ƙoƙunan kai na gaske, ya sauke ya ga na zane.

Baban Walida:
To wannan kam na gane shi. Abin da waƙoƙin wa'azinmu na ajami suke yi ke nan, su ɗauko sarki da attajiri da malami su kai su bakin kabari ɗaya bayan ɗaya. Mu da baki muke yi, su da zane. An umarce mu mu yawaita tuna mai yanke jin daɗi. Mutuwa rigar kowa. Ban ga aibin tunatarwa ba, in ban da rawar, da ban san me ya kawo ta ba.

Ɗan Maraɗi:
Baba, matattun ne kaɗai ke rawar. Masu ran duk a sandare suke, ana jansu suna turjewa. Wanda ya fi taɓa ni manomi ne. Mataccen ya ce masa ka sha wahala duk rayuwarka, yau ka huta. Shi kuwa ya amsa cewa ya sha roƙon mutuwa, amma yanzu da ta zo ya gwammace a bar shi a gonar inabi yana kaftu, ko ana ruwa ko ana iska. Duk wanda ya yi jinyar tsoho ya san wannan magana.

Ɗalibar Tarihi:
Malam Mai Tawada, ni ma ina da ja, amma ta wata fuskar. Ka ce kwarangwal ba ya ɗora laifi a kan kowa. Ga wani na ɗora. Mai zanen Bajamushe ne, Hans Holbein, wanda ya sassaƙa katakon kuma Hans Lützelburger, amma a Liyon aka fara buga shi littafi, a 1538, a maɗaba'ar 'yan'uwan nan Trechsel, hotuna 41, kowanne bai fi akwatin ashana da yawa ba. Dubi alƙalin: ya miƙa hannu ga mai kuɗi, talaka na tsaye an juya masa baya, Mutuwa kuma ta zagayo tana ƙwace sandar mulkinsa. A wani shafin basarake ya kau da kai daga mace mai yaro tana roƙo, Mutuwa ta cafke shi a daidai lokacin. Da ta zo wurin manomi kuwa, dawakin garmarsa take kora masa, rana na faɗuwa can gaba. Wannan kwarangwal ɗin ya san mai laifi sarai.

Mai Tawada:
Malama, na karɓi na alƙalin. Amma lura da wanda ya hukunta shi: Mutuwa. Talakan nan ba a ce masa komai ba illa ya jira. A wurin Daumier ba wanda zai zo ya ƙwace sandar kowa, kai mai kallo aka bar wa maganar.

Bari in sa baki ta fannin sana'ata, don akwai abin da ba a gani sai an riƙe wuƙar sassaƙa. Bugun katako, irin na Marchant da Holbein, kamar hatimi yake: duk inda kake son fari sai ka ƙwaƙule, abin da ka bari shi zai ɗauki tawada, kuma komai a juye yake fita, dama ta koma hagu. Katako ba ya son inuwa-inuwa, ko baƙi ko fari. Lokacin da muke koyo a Zariya na yi mako biyu a kan fuskar wata tsohuwa, kullum in na buga sai ta fito kamar an ƙona ta, don kumatu da goshi suna buƙatar laushi, wuƙa kuwa ba ta da shi. Ranar da aka ba mu aikin ƙashin ƙirji, kafin la'asar na gama: layi fari, layi baƙi, layi fari. Har yau ina jin ƙarar wuƙar tana bin katakon. Sai na gane cewa ƙashi da katako jininsu ya haɗu, kuma wannan na cikin abin da ya sa hoton ya yaɗu haka.

Daumier kuwa a kan dutse ya yi nasa. Ana zane da alli mai maiƙo a kan lafiyayyen dutse, a jiƙa shi da ruwa, a bi da tawada mai mai. Ruwa da mai ba sa haɗuwa, tawadar sai ta kama inda allin ya bi kawai. Wani Bajamushe, Alois Senefelder, ya gano dabarar a 1796. Da ita kana iya fitar da toka-toka, duhun lungu, laushin fatar ƙafa. Sai da aka samu wannan kafin a iya buga gawa mai nauyi irin ta Transnonain da yawa, da arha, cikin sauri.

Ɗalibar Tarihi:
Yawan nan shi ne maganar ai. Bangon Innocents an rushe shi a 1669 don faɗaɗa titi, maƙabartar an rufe ta a 1780, ƙasusuwan an kwashe su zuwa ramukan ƙarƙashin birnin. Takarda ce ta tsira. Bugun farko na Marchant kwafi ɗaya tak ya rage, yana birnin Grenoble, amma maɗaba'un garin Troyes sun yi ta maimaita shi a takarda mai arha har ƙarni na 18, 'yan koli suna kai shi ƙauyuka. Gwamnatin Louis-Philippe ta san haka, shi ya sa ta ƙwace dutsen Daumier ta bi kwafe-kwafen tana tattarawa, bayan jama'a sun yi cincirindo a tagar shagon da aka kafa shi. Shekararsa 26 a lokacin, kuma ya riga ya yi wata shida a kurkuku saboda wani zanen da ya yi wa sarkin. A 1835 aka kafa dokar da ta hana buga zane sai da izini.

Gwaggon Yara:
Sallama gare ku 'ya'yana. Ni ban yi karatun zane ba, karatu nake ina ƙaruwa. Amma shekara sama da 20 ke nan ina cikin matan da ake kira wankan gawa a unguwarmu, shi ya sa na danna hoton da aka rufe.

Yaron nan Daumier ya san gawa. Mai barci, ko ya yi nauyi, jikinsa na riƙe da kansa. Mamaci kuwa sakin jiki yake gaba ɗaya, ƙafafu su buɗe, tafin ƙafa ya kwanta gefe, haɓa ta saki. Shi ya sa da rai ya fita muke hanzarin rufe ido, mu ɗaure haɓa, mu miƙe gaɓoɓi tun da ɗumi, mu ja mayafi mu rufe. Mutumin nan na hoto ba wanda ya yi masa ko ɗaya. Rigarsa ta tattare sama, cinyoyinsa a waje, ga zanen gado nan ya zamo har ƙasa kusa da shi, ba a samu mai jan sa ya lulluɓe shi ba, don duk masu yi masa hakan suna kwance a ɗakin tare da shi. Ga tsoho can ta dama, kansa kawai ake gani.

Malam Baban Walida, ka ce mamaci na da haƙƙin sutura, haka ne, ni ce shaida. Amma ni abin da na gani, hoton nan ma abin da yake faɗa ke nan. Rashin suturar shi ne ƙarar da ya kai. Da ya rufe shi, da ya rufa wa sojojin asiri.

Baban Walida:
Hajiya, Allah ya saka miki da aikin da kike yi, ya sa a mizani. Maganarki ta shige ni. Tsorona dai ɗaya ne: mutum goma za su kalla, ɗaya ne zai ji abin da kika ji, tara kallo kawai suka zo.

Ɗalibar Tarihi:
Baba, akwai wanda ya zana wannan tsoron naka. Charles Meryon, 1854, hotonsa La Morgue, ɗakin ajiye gawa na Faris a bakin kogin Seine. An tsamo mutum daga ruwa, biyu na ɗauke da shi, mace na kuka, ɗan sanda na nuna hanya. Duk wannan a ƙasa, a lungu ɗaya. Sama da su mutane ne jere a kan katanga sun leƙo, ga dogayen gidaje, ga hayaƙi na tashi, ga masu wanki a jiragen ruwa suna harkarsu. A wancan zamani ana shimfiɗa gawarwakin da ba a san masu su ba don a zo a gane su, sai wurin ya koma wajen kallo, har da masu yawon buɗe ido. Sai 1907 aka hana jama'a shiga. Meryon bai sa kwarangwal ba, masu leƙen ya sa.

Gwaggon Yara:
Masu leƙen nan na gan su da idona. Bara muna dawowa daga biki muka tarar da haɗari a hanya, wata yarinya kwance a gefen kwalta, ba ta fi shekara 15 ba, tallar gyaɗa take. Farantin ya kife, gyaɗar ta watse har tsakiyar titi. Samari sun fi goma a kanta, kowa ya ɗaga waya. Na sauka na cire mayafina na rufe ta, wani har yana ce min Hajiya matsa kaɗan. Ban iya ba shi amsa ba, hannuna rawa yake. Kafin mu isa gida hoton ya riga mu shiga unguwa.

To ni ban haɗa wannan da na Daumier ba. Shi ya zauna ya yi tunanin me zai nuna, don wa, kuma ya san zai iya komawa kurkuku a kai. Su kuwa ba abin da suka biya.

Ɗan Maraɗi:
Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya jiƙanta, Gwaggo.

Mai Tawada, tun da kana neman hoton da ba kwarangwal, na yi mamaki ba ka kawo bishiyar Jacques Callot ba.

Mai Tawada:
Ita na so in ajiye sai an yi nisa. Ga ta. Ta 11 ce cikin hotuna 18 na Masifun Yaƙi, an buga su a Faris a 1633, ana tsakiyar Yaƙin Shekara Talatin, shekarar da sojojin Faransa suka shiga Nancy, garin su Callot. Ku san girmanta: wajen santimita 19 a kwance, 8 a tsaye, kaɗan ta ɗara wayar hannu. A cikin wannan ɗan fili ya sa katuwar bishiya, mutum wajen 20 na reto a rassanta, fada na kan tsani yana miƙa gicciye ga wanda ake sa wa igiya, wasu na layi suna jiran nasu, a gindin kuma biyu na caca a kan ganga. Huluna da riguna an tara su a ƙasa. Sojoji sun yi da'ira da māsu kamar shinge.

A kan jan ƙarfe ya yi. Ana shafe farantin da wani danƙo mai tauri, a karce zanen da allura, a tsoma a asid ya ci inda aka karce. Faransawa cizo suke kiran wannan mataki. Callot yakan ciro farantin ya rufe na nesa, ya mayar asid ya ƙara cizon na kusa, shi ya sa bishiyar ta yi baƙi ƙirin, tantunan baya kuma kamar hazo. Bishiya alamar rai ce a ko'ina, inuwa, 'ya'ya. Shi ya juya ta, 'ya'yanta suka zama mutane. Wannan ma ƙara ce ya kai, irin ta Daumier.

Ɗalibar Tarihi:
A nan kam sai na tsaya maka, Malam. Waɗanda ke rataye ba talakawan gari ba ne, sojojin da suka yi ɓarna ne. Bi jerin daga farko: an ɗauke su aiki, an gwabza, sai suka bazu suna fasa gidan gona, suna ƙona coci da ƙauye, suna tare matafiya. Daga nan aka kamo su, hukunci ya biyo baya kala-kala, rataya na ciki. Baitocin da aka rubuta a ƙasan hoton ɓarayi suka kira su. Hoton ƙarshe kuma sarki ne zaune yana raba lada ga na kirki. Ana iya karanta jerin a matsayin yabon hukuma mai ladabtar da sojanta.

Mai Tawada:
Baitocin ba shi ya rubuta ba, Michel de Marolles ake danganta wa su.

Ɗalibar Tarihi:
Amma da su aka sayar. Kuma jerin hotunan shi ya tsara.

Mai Tawada:
Haka ne. Sai dai ki dubi hannunsa ki bar bakin marubucin. Ya zana masu jiran igiya ɗaya-ɗaya, wannan ya durƙusa gaban fada, wancan tsoho ne. Wanda yake murna da hukunci ba ya ɓata allurarsa a kan irin wannan. Kuma bayan rataya ya nuna waɗanda suka tsira: guragu a ƙofar asibiti, wasu na mutuwa a kan juji suna bara, wasu manoma sun rutsa su da kayan noma suna ramuwa. Ba wanda ya fita da riba a cikin jerin nan sai wanda ke kan kujera.

Ɗan Maraɗi:
Ni bishiyar nan ba na iya kallonta ban tuna gida ba, ku yi min haƙuri in na kauce. A 1899 rundunar Voulet da Chanoine ta ratsa ƙasarmu, ta yi yaƙi da Sarauniya a Lugu, ta ragargaza Birnin Ƙonni. Kanar Klobb da aka turo ya tsayar da su, ƙonannun garuruwa da gawarwakin da aka rataye a bishiyoyi ya riƙa bi har ya cim musu, suka harbe shi ranar 14 ga Yuli. Mutuwarsa ce ta girgiza Faris. A shekarar da ta biyo baya, ranar 22 ga Afrilu 1900, aka kashe Rabe a Kusuri, aka sare kansa, hoton kan kuma ya fito a jaridar Faransa a matsayin ganima.

Ƙasar da ta yi shekara 400 tana buga wa kanta cewa sarki da manomi ƙasa ɗaya za ta ci su, da ta zo kanmu sai ƙoƙon kai ya tashi daga madubi ya koma abin nuna nasara. Ba ina zargin Callot ko Daumier ba ne. Ina cewa ne injin da ya buga gawar Transnonain don a ji tausayi, irinsa ne ya buga kan Rabe don a yi tafi.

Ɗalibar Tarihi:
Gaskiya ne Yaya, kuma ba ka kauce ba. Abin da zan ƙara kawai, cikin masu zanen nasu an samu waɗanda suka ƙi. Mujallar zane L'Assiette au beurre ta ware fitowa guda a 1905 a kan ta'asar jami'an mulkin mallaka a Kwango. Ba su da yawa, amma jikokin Daumier ne a sana'a.

Ɗan Wusasa:
Salama gare ku. Na daɗe ina bi ban ce komai ba. Malam Mai Tawada, ka raba abin gida biyu, ko wa'azi ko ƙara. Akwai na uku, makoki, kuma Georges Rouault ne ya sa na san haka. Jerinsa Miserere hotuna 58 ne. Sunan kalmar farko ce ta Zabura 51 da Latin, inda Dawuda ke roƙon jinƙan Allah. Rouault ɗin a ɗakin ƙarƙashin ƙasa aka haife shi a Mayun 1871, ana ruwan harsashi a unguwarsu a Faris. Tunanin aikin ya zo masa bayan rasuwar mahaifinsa a 1912, sai Yaƙin Duniya na Ɗaya ya zo ya ci sojan Faransa kusan miliyan 1.4. Ya yi ta fama da farantan daga 1922 zuwa 1927, yana kankarewa yana sakewa, ba su fito ba sai 1948. Yana yaro ya koyi aikin gilashin tagogin coci, shi ya sa layukansa suke da kauri baƙi kamar dalmar da ke riƙe gilashi.

Akwai ɗaya da ɗa ke sallama da mahaifinsa zai tafi yaƙi, yana ce masa wannan ne na ƙarshe, baba. Kwarangwal na tsaye kusa da su. Ba ya rawa, ba ya jan kowa, jira kawai yake. Ƙanena soja ne, ranar da zai koma bakin daga mahaifinmu ya raka shi har tasha, ya riƙe jakarsa ya ƙi saki sai da mota ta tashi. Allah ya dawo mana da shi lafiya, amma a tashar nan na san mu uku ne da wani na huɗu. In aka cire kwarangwal daga hoton Rouault, sallama ce kawai. Shi ne yake nuna abin da uban ya sani bai faɗa ba.

Baban Walida:
Allah ya ƙara tsare shi, maƙwabci, shi da sauran 'ya'yan mutane.

Ɗan Wusasa:
Amin Baba, na gode.

Ɗan Maraɗi:
Mai Tawada, ga ɗaya kuma daga mutuminka. Bayan Jamusawa sun murƙushe Faransa, a 1871, Daumier yana da shekara 63, ya buga a jaridar Le Charivari wani hoto da ya sa wa suna Zaman Lafiya. Kwarangwal ne zaune da hula mai ado yana busa sarewa, kewaye da shi ƙasusuwa da kufai. Wanda ka ce ya kori kwarangwal, shi da kansa ya kira shi ya dawo.

Mai Tawada:
Na san shi, kuma tun jiya nake tunanin me ya sa. Ga abin da na iya kaiwa: a Transnonain mutum 12 ne, gida ɗaya, lamba ɗaya, ana iya shiga ɗakin a nuna su. A 1871 matattun sun wuce a shigar da su ɗaki. In gawa ta yi yawan da ba ta ƙirguwa, fuska takan ɓace wa mai zane, sai ƙashi ya rage masa. Ban janye cewa na 1834 ya fi kama ni ba. Abin da na janye shi ne cewa kwarangwal sanyaya zuciya yake. Na Marchant bai yi ba, na Rouault bai yi ba.

Ɗalibar Tarihi:
Ga mai son nema a taswira, sunan titin ba ya nan yanzu, an haɗe shi cikin titin Beaubourg tun ƙarni na 19.

Baban Walida:
Na koma na danna, na daɗe ina dubawa. Da asuba yaron kawai na gani na kife wayar. Ashe akwai mace ta hagu, can cikin duhu, kwance. Ba wanda ya ambace ta a cikinku.

Gwaggon Yara:
A kanta idona ya fara sauka, Malam. Na rasa ta inda zan fara ne.